Shekarar da Na Roƙi a Kore Ni

Aikina na farko shi ne koyar da Faransanci a wata ƙaramar makarantar horar da ma'aikatan jinya a Madawa. Ni ba cikakkiyar ma'aikaciya ba ce. Irinmu ana ce mana bakater, wato malaman awa: in ka shiga aji a rubuta maka awa, in ba ka shiga ba, kai da mai wucewa a titi ɗaya kuke. Ranar da ɗalibai suka tafi koyon aiki asibiti, babu awa. Ranar da ruwa ya tsare su a gida, babu awa. Babban hutu kuwa, daga faɗuwar ruwan farko har gero ya nuna, tsakaninmu da makarantar sai gaisuwa.

Duk da haka na so aikin nan irin son da uwa take yi wa ɗan fari, wanda ba a faɗa a gaban mutane. Tagar ajina tana kallon wani itacen dogon yaro, da hantsi inuwar ganyensa takan shigo ta kwanta a kan allo tana rawa, har wani lokaci in tsaya da alli a hannu in manta jimlar da na fara. Ɗalibaina, waɗanda da yawansu sun girme ni, sai su yi ta tarin gangan har in dawo. Abin da nake koya musu ba wani babban abu ba ne: yadda za su rubuta cewa majinyaci ya ci abinci, ya yi barci, zazzaɓi ya sauka. Amma a wurina waɗannan gajerun jimloli sun fi waƙa daɗi, don kowace ɗaya tana nufin wani ya kwana da rai.

Mai makarantar tsohon majo ne, wato babban ma'aikacin jinya. Kirista ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a asibitin mishan kafin ya buɗe nasa wurin. Kowa Majo yake ce masa, ni kaɗai nake cewa Baba Majo, kuma da dalili. Tun ina goye, amalanke ya kife da mahaifina a gangaren dutsen garinmu, Allakai, ya karye a cinya, aka kai shi asibitin nan ya yi watanni a hannun wannan mutum. Shi yake juya shi, shi yake nuna masa gabas in zai yi salla a kwance. Daga nan suka zama aminai. Da ciwon ajali ya kama mahaifina, shekarar da na gama jami'a, Baba Majo ya hau babur ya zo har gida. Mahaifina ya kama hannuna ya sa a cikin nasa, ya ce, “Ga amana.” Bai ƙara komai ba. Da wannan kalma na samu aji.

Sai aka yi wata damina da tsutsa ta cinye gero a yankinmu tun yana tsaye. Iyaye suka kasa biyan kuɗin makaranta, ɗalibai suka riƙa zubewa kamar ganyen gawo in ruwa ya sauka. Awoyina suka ragu, ɗan abin da nake aika wa gida ya ragu tare da su. Da shekarar karatu ta ƙare, Baba Majo ya tara mu ya ce mu je mu huta, za a kira mu in an buɗe. Kowa a ɗakin ya san dole a rufe aji ɗaya, kuma awoyin Faransanci su ne na farkon tafiya, amma babu wanda ya faɗa. Muka yi addu'a iri biyu, muka watse.

Ba a daɗe ba Inna, mahaifiyata, ta kira ni da wayar maƙwabta. Ita da ƙannena mata biyu ne a gida.

“Ba ni son tada maki hankali,” in ji ta, “amma rumbu ya kai ƙasa. Abin da ya saura mun shibka shi.”

“To mi kuke ci, Inna?”

“Abin da Allah ya hore. Alhajin hatsi ya zaka jiya. Ya ce shina ba mu abin da za ya kai mu kaka, in mun jinginar mashi da gonar kwari. Amsa shika so kahin a gama maimai.”

Maimai shi ne noma na biyu, kuma lokacin an riga an yi nisa da na farko. Gonar kwari kuwa ita kaɗai ce gonarmu mai riƙe danshi. Sauran duk tsakuwa ce a kan tudu. Mahaifina ya yi shekaru yana ɗauko duwatsu da ƙafarsa mai ɗingishi, yana jera su layi-layi don ruwa ya tsaya ya sha ƙasa. A garinmu ban taɓa ganin gonar da aka jinginar da damina ta dawo hannun masu ita ba. Mai riƙe da ita shi yake girbe ta, kai kuma da me za ka fanshe ta, tunda ita ce abin fansar?

Na ce wa Inna kada ta amsa masa tukuna, akwai inda zan je.

Malaman makarantu masu zaman kansu na yankinmu suna da wani asusu na taimakon juna. Duk lokacin da aka biya ni ana cire wani ɗan abu a zuba a ciki, kuma an ce mana duk wanda aiki ya kuɓuce masa za a riƙe shi wata uku kafin ya samu madafa. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bayan wani kantin taki. Mai riƙe da shi tsohuwar malamar firamare ce, kowa Madam yake ce mata, tabarau a goshi, goro a kunci. Ta saurare ni har na gama, sannan ta sauko da tabarau.

“An kore ki?”

“A'a, Madam. Aikin ne babu.”

“Ke kika aje shi da kanki?”

“A'a.”

“To ba a kore ki ba, ba ki aje ba. Hutu kike ke nan. Allah shi ba da hutawa.”

“Madam, hutun da babu albashi?”

“Na sani, ɗiyata, na sani. Ku bakater jemage na, ku ba tsuntsu ba, ku ba dabba ba. Waɗanda sunka rubuta dokar ga, masu albashi na, nasu na tahiya ko suna barci. Ba su tuna da ku ba, sai wajen cirewa.”

Ta yi mini bayani a hankali, kamar tana koya wa ƴar aji ɗaya. Wanda yake hutu, yana da wurin komawa, ba shi da rabo. Wanda ya ajiye aiki da kansa, ba shi da rabo. Sai wanda aka sallama.

“Ki kawo min takarda da hannun mai makaranta da hatiminshi, cewa ya sallame ki, babu wurinki baɗi. Kahin kwamiti shi zamna ƙarshen watan ga. In kin kawo, kina da abin sawa a bakin salati har kaka.”

Na fito ina jin kamar an sauke mini tulu daga ka. Abin da za a ba ni ba mai yawa ba ne, amma zai sayi geron da zai kai mutum huɗu girbi in an yi a hankali. Takarda ce kawai, kuma abin da za a rubuta a cikinta gaskiya ne da kowa ya sani.

Washegari na sami Baba Majo a ofishinsa yana fama da wata tsohuwar fanka da ta ƙi juyawa. Ya yi murna da ganina, ya tambayi Inna, ya tambayi ruwa, ya ciro mangwaro biyu daga aljihun tebur ya ba ni. Na daɗe ina juya su a hannu.

“Baba, na ji an ce za a ruhe aji guda.”

“Masu cewa su yi ta cewa. Ke wurinki na nan. Ko ɗalibi guda ya saura, ke ka koya mashi.”

Maganar da na zo da ita ta ƙi fita. Yaya zan dubi idon aminin mahaifina in ce ya kore ni? Na ce na gode, na fito da mangwarona.

A wurinmu ba a tunkarar babba da babbar magana baki da baki. Aike ake yi. A nemi wani dattijo mai fuska, a ɗora masa maganar, shi ya san ta inda zai shigar da ita ba tare da kowa ya ji kunya ba. Ni kuma ina da wanda ya fi kowa iya wannan: Kawu, yayan Inna, dillalin albasa a kasuwar Madawa, mutumin da da baki yake cin abinci. Na same shi a rumfarsa a tsakiyar buhuna, warin albasar da ta fara ruɓewa yana sa ido ruwa.

“Kawu, so nike ka tahi wurin Majo ka roƙe shi shi kore ni.”

Ya cire hula ya sosa kai. “Shi mi?”

“Shi kore ni. A takarda.”

“Ke, boko ya taɓa ki? Mutane na kai kaji a ɗauke su aiki, ke kina aikena a kore ki?”

Na yi masa bayanin asusun, da dokar, da gonar kwari. Na sake maimaitawa daga farko. Yana ji yana kaɗa kai, yana korar ƙuda da hularsa.

“Na gane, na gane. Ni da nika sasanta mutumin Gana da Buzu a kan buhu guda, babu mai jin yaren wani? Wanga ƙaramin abu na. Tahi gida ki kwanta.”

Kwana biyu bayan nan, da la'asar, sai ga shi a ƙofar ɗakin da nake haya, da babbar riga, yana ƙamshin turare, fuskarsa kamar wanda ya sayar da albasar shekara a rana ɗaya.

“Malama, taso ki yi min godiya, an gama!”

Na yi maza na shimfiɗa masa tabarma.

“Na ishe shi, munka gaisa, munka tuna marigayi. Ya yi hawaye, na yi hawaye. To a kan hawayen ga za ni buɗa baki in ce kori marainiya? Aradu bakina ya ƙiya. Sai nac ce mashi yarinya na cikin tsoro, an ce mata babu wurinta baɗi, har masu asusu na neman takarda. Nan take ya jawo biro. Ki ji abin da ya rubuta! Cewa duk makarantar babu kamarki, kuma wurinki na nan daram ranar da anka buɗe. Ya buga hatimi har biyu.”

“Ina takardar, Kawu?”

“Don kar ki wahala, ni da kaina na kai ma Madam. Wagga ta hi wadda kika aike ni nesa ba kusa ba. Wa ka aje takardar kora cikin kayanshi? Gobe wani mai aiki shi gani shi ce sata kika yi?”

Na dube shi. Ya yi wanka saboda ni, ya sa rigarsa ta Juma'a saboda ni, ya bar ciniki saboda ni. Ba a yi wa kawu faɗa. Na durƙusa na ce Allah ya saka da alheri, ya shafa kaina ya tafi yana ƙara gyara wuyan riga. Da ƙarar takalminsa ta ɓace na shiga ɗaki na kifa fuskata a kan katifa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina, ina cusa zane a baki don kada matan gidan su ji.

Da na koma ofishin asusu, Madam ba ta ko bari na zauna ba.

“Kawunki ya kashe ki da alheri,” in ji ta. “Da ba ki da takarda ko guda, da na san yadda za ni yi da bakin kwamiti. Yanzu ga hatimi biyu na cewa kina da aiki. Ya karanta ta da ƙarhi a nan, da mutum biyu na kwamiti zamne, har sunka taya shi murna.”

“Babu wata hanya, Madam?”

“Hannun da ya ɗaure shi ka kwancewa. Mai makaranta shi rubuta wata, shi ce ya janye ta farko. In ba haka ba, ko ɗiyar cikina ce ke, ba ni iyawa.”

Na bi makarantun da na sani ina neman ko da darasin hutu ne. A Madawa babu. Na shiga motar kasuwa zuwa Buza, na tarar da ƙofofi da kwado, awaki suna kwance a inuwar azuzuwa. Wani mai gadi ya ce in gwada Keita, wani ya ce kada in ɓata kuɗin mota, can ma haka ne. Daga nan na wuce gida. Korama ta cika ta yanke hanya, muka zauna a bakinta muna kallon jan ruwa yana wucewa da itatuwa har ya janye, sannan muka tura motar muka haye.

Na tarar da Inna tana sauya wa anza ruwa. Ƴaƴan wani ɗan itacen daji ne masu ɗacin gaske, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu, kuma ba a taɓa su sai abin ya kai maƙura. Da ta gan ni ta ja faifai ta rufe ƙwaryar. Ƙannena suka dawo daga gona da haiwa, wato hauyar noma, a kafaɗa, wuyansu ya yi tsawo, suka rungume ni suna leƙen jakata. Biredi ne kawai a ciki.

“Kawunki ya kira,” in ji Inna. “Ya ce ya gyara maki aikinki. Mun gode Allah. Ko ba komi, ke kin tsira.”

Na ciro biredin na raba musu.

Da safe na tafi gonar kwari ni kaɗai. Ban taɓa ganinta da kyau irin na ranar ba. Geron ya kai mini ƙugu, kore shar, raɓa tana rataye a bakin kowane ganye, iska tana bi ta kansa yana sunkuyawa yana tashi kamar masu gaisuwa. Na rasa yadda ƙasa za ta yi ado haka alhali masu ita suna cin anza. Can gefe na hango wani mutum da ban sani ba yana bin layin duwatsun mahaifina a hankali, hannuwa a baya, yana taka su ɗaya-ɗaya yana gwada ƙarfinsu. Ba sai an gaya mini wanda ya aiko shi ba. Ya ɗaga mini hannu, ya ce, “Gona ta yi kyau, Malama.” Na ji kamar ya taɓa jikina.

Inna ta ce saura kaɗan a gama maimai, kuma ƙaramar ƙanwata ta fara jiri a gona. Na roƙe ta ta ba ni kasuwa ɗaya, in kasuwar garinmu ta zagayo ban aiko da komai ba, ta amsa wa Alhaji. Ta dube ni ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa yaro.

Na koma Madawa. Ranar Lahadi da hantsi, bayan sun taso daga majami'a, na yi sallama a gidan Baba Majo. Yana zaune a tsakar gida da farar rigarsa, matarsa tana tsince shinkafa. Inda yake jingine babur babu komai sai tabon mai a ƙasa; daga baya na ji sayar da shi ya yi ya biya malamai watan ƙarshe. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce in tashi in hau kujera, na ƙi tashi.

“Baba, abin da Kawu ya hwaɗa maka ba shi na aike shi ba.”

“To mi kika aike shi?”

Na kafa idona a kan yatsun ƙafarsa. “So nike ka kore ni.”

Matarsa ta ajiye faranti. Na faɗi komai, da Madam, da dokar, da anza, da mutumin da yake taka duwatsu. Muryata tana fita kamar ta wata ce take magana a bayana. Da na gama, Baba Majo ya sunkuyo ya dube ni.

“Don mi ba ki ce min babu hatsi ba?” in ji shi. Ya juya ga matarsa. “Buɗe ɗakin can.”

Ta buɗe. Buhu ɗaya ne, ya kwanta a kan gindinsa, bai kai rabi ba. A gidan kuma akwai ɗalibai mata uku da yake riƙo, waɗanda ba su da kuɗin motar komawa garuruwansu.

“Ɗauki duka,” ya ce.

“Baba, ba ya kai mu ko'ina, ku kuma ku kwana da mi?”

Ya san gaskiya na faɗa. Ya daɗe yana murza goshinsa, sannan ya yi magana a hankali.

“To ki ji. Shekara da shekaru ina sa hannu a takardar haihuwa da ta mutuwa. Wanda nac ce an haifa, an haife shi. Wanda nac ce ya mutu, ya mutu. Ban taɓa buga hatimi a kan ƙarya ba, ba kuma za ni fara da tsufana ba. In na rubuta na sallame ki, na sallame ki ke nan. In an buɗe makaranta ba ni kiranki, ko da aji ya cika har taga. In na kira ki, na ci kuɗin mutane da hannunki. Kin gane?”

Ban yi tsammanin wannan ba. A zuciyata na ɗauka takarda ce za a kai wa Madam, in kaka ta yi in koma ajina kamar ba a yi ba. 

“Baba, tsakaninka da Allah, akwai ajina baɗi?”

Ya kawar da kai. “Ban sani ba. Addu'a nike.”

“Takardar da ka ba Kawu hwa?”

“Ita ma addu'a ta. Na rubuta abin da nike niyya, in Allah ya ba ni iko.”

“Alhaji ba ya jiran baɗi, Baba.”

Ya tashi ya yi taku kaɗan ya dawo, ya tsaya a kaina. Ban taɓa jin muryarsa ta karye ba sai ranar.

“Hannunki ya sa cikin nawa. In mun gamu, mi za ni ce ma babanki? In ce na kori amanarshi da damina?”

“Ka ce mashi gonarshi na nan.”

Matarsa ce ta shiga ɗaki ta ɗauko takarda da biro da hatimi, ta ajiye a kan kujerar da na ƙi hawa. Ya zauna ya ɗora takardar a cinya. Ya rubuta layi ɗaya ya tsaya, ya dube ni ko zan ce a bari. Ina so in ce a bari. Duk jikina yana so in ce a bari. Na cije leɓe, ya ci gaba. Da ya gama ya miƙo mini.

“Duba min. Ke ce malamar Faransanci.”

Na karanta korata da idona daga farko har ƙarshe. Ya ce ya janye takardarsa ta baya, ya sallame ni saboda ƙarancin ɗalibai, ba don wani laifi ba, kuma babu wurina a shekara mai zuwa. Babu kuskure ko ɗaya. Na ce daidai ne. Ya hura wa hatimi iska ya danna.

Kwamiti ya zauna, ya amince. Madam da kanta ta raka ni wurin masu hatsi ta yi mini ciniki, tana zagin mai awo cewa tiyarsa ta rame kamar shi. Na ɗora buhun farko a motar kasuwa, na hau na zauna a kansa har Allakai don kada ruwa ya taɓa shi. Inna ta aika wa Alhaji cewa an gode, Allah ya rufa asiri. Da Kawu ya ji abin da na yi, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata, yana gaya wa mutanen rumfa cewa ya ɗinke riga na sa wuƙa na farke. A bakinsa Inna ta ji an kore ni. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban ɗauko maganar ba. Na saki ɗakina na Madawa, na koma gida na ɗauki haiwa tare da ƙannena.

Gonar kwari ta yi abin kirki a shekarar. Ba mu kaɗai ba, ko'ina an samu, kuma da aka samu sai iyaye suka mayar da ƴaƴansu makaranta. Labari ya iso mini cewa ba a rufe aji ko ɗaya ba, har benci aka ƙaro. An ɗauko wani saurayi daga Tawa yana koyar da Faransanci. Na yi kwanaki wayata tana ɗaure a bakin zanena, ina hawa kan dutse inda ake samun layi, ko da na san ba za a kira ba. Ba a kira ba. Watanni ukun asusu suka ƙare. Na rubuta wa makarantu a Buza da Keita da Madawa, duk wanda ya amsa sai ya ce sun riga sun cika tun kafin a buɗe.

Ranar da muka gama ɗaurin gero, Inna ta zagaya dammunan tana ɗaga wannan tana ajiye wancan, har ta zaɓi wanda ya fi tsawon zangarniya.

“Wanga na Majo na. Ke za ki kai mashi.”

“Inna, mutumin da ya kore ni?”

“Kawunki bai iya ba. Ni ma da ni ce, ba ni iyawa. Shi ya iya. Ɗauki ki kai.”

Na isa makarantar da safe, damin yana ɗaure a bayan kabu-kabu, wato babur ɗin haya. Ban shiga ba, na aika mai gadi. Baba Majo ya fito da alli a hannun riga, ya rame. Ya shafa zangarniyar, ya murza ɗaya ya duba ƙwayar a tafinsa.

“Na kwari na?”

“Na kwari na, Baba.”

“Tana hannunku?”

“Tana hannunmu.”

“To madalla,” ya ce. “Madalla.” Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai aka buga ƙarfen shiga aji. Ɗalibai suka wuce mu da gudu da fararen rigunansu, waɗansu suna gaishe ni, sababbin ba su san ni ba. Ya saɓa damin a kafaɗa da kansa, ya ƙi bari mai gadi ya karɓa, ya bi bayansu. Aka ja ƙofa.

Mai kabu-kabu ya tayar da babur, ya tambaye ni ina za mu yanzu. Na ce ya ɗan kashe tukuna, in yi tunani.